Rabin Wasiƙa da Gudun Sundus

Unguwar Sih, Madina
6 ga Rabi'u Sani

Zuwa ga ƙanena Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka lafiya kun huta gajiya, kai da Hawa. Yaya jikin surukarka? Tun ranar da aka ce ɓarin jikinta ya shanye ban daina sa ta a addu'a ba. Ka ce wa Hawa ta yi haƙuri, jinyar uwa lada ce. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwoyin nan nawa da ka sani.

Na ji saƙon cewa garin su Hawa waya ba ta kamawa, sai dai in rubuta takarda in ɗauke ta hoto in tura wa Malam Awwalu direba, shi kuma in ya dawo daga kasuwar Tanut ya kai maka ka karanta. To ga shi na zauna da biro kamar zamanin da.

Albishirinka, 'yarka Sundus ta samu makaranta. Kwana tara na yi ina jigila da takardunta, yau a ce babu gurbi a aji uku, gobe a ce sai fayil ɗinta ya iso daga tsohuwar makarantarta ta garinku Badar. Alhamdu lillahi, sanawiyya, wato sakandaren 'yan matan da ke bayan gidanmu, ta karɓe ta. Da ƙafa take zuwa. Tana ci, tana karatu. Kewarku ba ta faɗa, amma ina gani. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Larabci, kamar sauran 'ya'yan nan namu.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Abdu, ashe haka yarinyar nan take gudu ban sani ba? Na ɗauka wasan yara ne kuke ba ni labari. Shekaranjiya da la'asar malamar wasanninsu, Abla Suhaila, ta zo har gida. Jikar mutanen Katsina ce, tana jin Hausa. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana koyarwa ba ta ga mai gudun mita ɗari takwas kamar Sundus ba. Na ce to madalla, a sa ta mana. Ta ajiye kofin shayi ta ce, "Hajiya, da abin da sauƙi haka ai ba zan zo in dame ki ba."

Wai gasar makarantun 'yan mata da suke shiga tana da doka. Duk ɗalibar da ta canza makaranta bayan an fara zango, ba za ta yi wa sabuwar makarantar wasa ba sai ta zauna shekara guda cur. An yi haka ne saboda wasu makarantu suna zawarcin yara masu ƙoƙari daga wasu wurare don su ci kofi. Sai fa in lalura ce ta kawo canjin. A nan sai waliyyin yarinya ya rubuta dalili da hannunsa, tsohuwar makarantar ta sa hannu cewa ba ta da ja, sannan kwamitin gasar ya zauna ya duba.

Ka san wannan ce shekarar Sundus ta ƙarshe. In ta zauna, ta gama ke nan, babu wata gasa a gabanta. Ga kuma malamarta ta Badar, Abla Yasmin, ta ƙi sa hannu. Ta ce bara Sundus ce ta kayar da 'yan makarantar nan tamu, bana kuma sai ga ta a cikinsu, ita ba ƙaramar yarinya ba ce da za a ce mata haka kawai abin ya faɗo.

Don haka ka rubuto musu dalilin da ya sa ka kawo ta wurina. Kwamitin zai rufe karɓar takardu ƙarshen Jumada Ula. Da sauran lokaci, amma kada ka yi irin taka.

Yayarka,
Ƙaltume

*

Garin su Hawa, yamma da Tanut
14 ga Rabi'u Sani

Zuwa ga Yaya Ƙaltume,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida maigidan. Allah ya ƙara wa gwiwoyin sauƙi. Allah ya saka miki da alheri a kan wahalar makarantar Sundus. Da na karanta wa Hawa wurin nan sai da ta yi hawaye, ta ce yau nauyi ɗaya ya sauka.

Jikin Inna da sauƙi, alhamdu lillahi. Da muka iso ba ta gane kowa ba. Ranar Laraba ta kalli Hawa ta kira sunanta, bakin a karkace amma mun ji. Tana shan kunu yanzu, cokali shida, bakwai. Hannun dama ne har yau bai motsa ba. Likitan Tanut ya ce a ci gaba da murza shi da safe da yamma, kuma kada mu sa ran tafiya kafin wata uku.

Nan ana ta girbin gero. Ina fita gona tare da 'yan'uwan Hawa don kada in zauna haka nan, suna yi mini dariya wai mutumin da ya shekara ashirin yana hawa dabino bai iya riƙe lauje ba. Gaskiyarsu.

Maganar gudu kuwa, Yaya, ta ɓata mini rai ƙwarai. Wuni na yi ina juya ta. Muna nan muna fama da marar lafiya, can kuma ana shirin kai sunan 'yata gaban kwamiti, malamai suna ja-in-ja a kanta kamar akuyar kasuwa. Ina so ki karanta wa malaman nan wannan, ki karanta wa Sundus ita ma ta ji.

Ni Abdussamad, mahaifinta, ban kai 'yata Madina don ta yi gudu ba. Ban taɓa magana da wata makaranta a kan gudunta ba, kuma ba na son a ƙara haɗa sunanta da wannan magana.

*

Unguwar Sih, Madina
22 ga Rabi'u Sani

Abdussamad,

Assalamu alaikum. Na yi murna da jin sauƙin jikin Inna, Allah ya ƙara afuwa. Ka gaida Hawa. Mu lafiya.

Takardarka ta iso ranar Lahadi. Ko sallama babu a ƙarshenta, ko suna, daga nan na san ranka ya kai inda ya kai. Na yi abin da ka ce. Sundus ta dawo daga fili ke nan, ko ruwa ba ta sha ba, na zaunar da ita na karanta mata. Ta ce, "Gwaggo, sake karanta wurin ƙarshen." Na sake. Sai ta ce "Tayyib," wato "To," ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta yi musu ba. Washegari ta wanke takalman gudun nan, ta shanya, ta sa su a leda ta ɗora bisa kabad. Ita da kanta ta je ta gaya wa Abla Suhaila cewa babanta ya hana.

Abla Suhaila ta kira ni ta ce ko za a yi ƙoƙarin shawo kanka. Na ce mata ƙanena ne, amma 'yarsa ce.

To yanzu bari in yi magana a matsayin yayarka. Abdu, me yarinyar nan ta yi maka? In tsoron fitar tsiraici kake, ni na je filin da ƙafata kafin takardarka ta zo. Katanga ce doguwa, daga mai tsaron ƙofar ciki har mai riƙe agogo duk mata ne, kayan da suke sawa kuma har wuyan hannu har idon sawu. In kuma ja-in-jar malaman ce ta ba ka haushi, ai ba ita ta haɗa su ba. An ɗauke ta daga garin da aka haife ta cikin kwana biyu, an raba ta da ƙawayenta, uwa da uba sun tafi inda ko muryarsu ba za ta ji ba, ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya da ta taho da shi daga Badar shi ne ƙafafunta.

Mu a zamaninmu ko tsalle muka yi a tsakar gida sai an ce mu nutsu. Ranar da na ga yaran nan suna zagaya fili, wallahi sai da suka ba ni sha'awa. Ban ce ka bi ra'ayina ba. Na dai ce ka sake tunani, ka rubuto mata ita kanta, ko layi biyu ne, ta san dalili.

Yayarka,
Ƙaltume

*

Unguwar Sih, Madina
10 ga Jumada Ula

Abdussamad,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Kwana goma sha takwas ke nan babu amsa. Na kira wayar Malam Awwalu ya fi sau ashirin, a kashe. In fushi kake da abin da na rubuta, ka yi fushin amma ka aiko a ce kuna raye. In kuma wani abu ne ya samu Inna, kada ku ɓoye mini, ni ce zan san yadda zan gaya wa Sundus.

Ita tana nan. Karatu take yi ba ji ba gani, an ce ta zo ta biyu a jarrabawar lissafi. Amma ta rage ci, kuma in lokacin da take zuwa fili ya yi sai ta hau shara, ta share inda ta riga ta share. Jiya na kai ta Harami muka yi sallar la'asar, na ga ta daɗe a sujada. Ban tambaye ta ba.

Abla Suhaila ta ce ba ta cire sunanta daga jerin da za ta kai kwamiti ba tukuna, za ta riƙe shi har ranar ƙarshe. Saura kwana ashirin.

Ƙaltume

*

Tanut
17 ga Jumada Ula

Zuwa ga Yaya Ƙaltume,

Wa alaikumus salam. Kafin komai: muna lafiya, Inna tana raye, har ta fara zama da kanta. Ki kwantar da hankalinki. Motar Malam Awwalu ce ta karye a hanya, sati uku tana wurin gyara a Damagaram, shi kuma yana can tare da ita, wayarsa babu caji babu kati. Jiya da hantsi ya shigo gari ya miƙo mini takardunki biyu a tare.

Yaya, na karanta su duka biyu. Inna lillahi! Ni na hana Sundus gudu? Na ce wa Malam Awwalu ya nuna mini abin da ya tura miki. Ashe gaban takardar kaɗai ya ɗauka. Takarda ɗaya gare ni ranar, da gaban ya cika sai na juya baya na ci gaba, shi kuma bai juya ba. Ya ciro ta daga aljihun motar, ga sauran maganata nan kwance a bayanta, har da sallama da sa hannu. Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri. Ban ga laifinsa ba, ni ne ban ce masa ya juya ba.

Layukan da kika karanta ba da Sundus nake ba. Farkon bayanin da kika ce in rubuta wa kwamiti ne. Nufina, ba zawarcin wata makaranta ya kai ta Madina ba, kuma a daina haɗa sunanta da wannan zargi. Abin da ke bayan takardar shi ne: rashin lafiyar kakarta ce ta tashe mu daga Badar ba shiri, ba mu da wanda za mu bar wa ita sai ke, na yarda ta yi gudu, ina roƙon a bar ta.

Ta yaya zan hana ta? Ni ne na auna mata mita ɗari takwas da igiyar ban-ruwa a tsakanin layukan dabino tun tana shekara goma sha biyu. Ni nake riƙe mata agogo bayan sallar asuba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ta yarda cewa zan iya, ta ce "tayyib" ta naɗe takalmanta. Ki ce mata Baba ya ce ta yafe masa. Ki ce ta sauko da ledar nan yau, ba gobe ba.

Ban sake ba kowa saƙo ba, yau da kaina na hau babur na zo Tanut. Na kira ki sau huɗu ba ta shiga, sai saƙo kaɗai ke wucewa. Ga hotuna uku na turo. Na farko bayanin ne, na sake rubuta shi da Larabci, shafi ɗaya, babu komai a bayansa, na duba sau biyu. Na biyu takardar likitan da ke duba Inna ce, da hatiminsa da ranar da ciwon ya same ta. Da Faransanci take, sai ki kai ofishin tarjama a juya ta. Na uku tikitin jirginmu ne, su ga kwana biyu ne tsakanin ciwon da tashinmu.

Maganar da kika yi mini a takardarki ta 22 kuwa, na karɓa, ko da ban yi laifin ba. Allah ya bar mana ke.

Ƙanenki,
Abdussamad

*

Unguwar Sih, Madina
9 ga Jumada Sani

Zuwa ga ƙanena Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi da jin lafiyarku. Ka gaida Hawa da Inna. Ka ce wa Malam Awwalu na yafe masa, amma wannan takardar shafi biyu ce, hoto biyu, kada ya tsaya a na farko.

Abdu, an bar ta. Na fara da wannan don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba.

Ranar da saƙonka ya shigo ina tsaye a kicin. Na kira Sundus na miƙa mata wayar ta karanta da idonta. Kukan da ta riƙe wata guda, ranar ta yi shi. Tana kuka tana jawo kujera za ta hau kabad, ina ce mata ki bi a hankali kada ki karye yanzu kuma. Ni ma na nemi gafararta, don ni ce na karanta mata rabin magana a matsayin hukunci.

Washegari maigidan ya kai ni ofishin tarjama da ke unguwar Anbariyya muka ba da takardar likita a juya. Da ta fito muka miƙa komai, saura kwana shida a rufe. Kwamitin ya kira mu ranar Talata, mata uku ne a bayan tebur. Babbarsu ta duba takardun ta ce dalilin a fili yake, saura sa hannun Badar. Sai ga Abla Yasmin ta shigo, ta yi tafiyar awa biyu da kanta. Doguwar mace ce, ba ta da yawan fara'a. Ta karanta takardar likita a tsaye, ta daɗe a kanta. Sannan ta juya ga Sundus, ba ga kwamiti ba.

Ta ce, "Shekara biyar ina tare da ke. Na zo fili ranar Lahadi ban gan ki ba, sai a bakin yara na ji wai kina Madina. Ko saƙo ɗaya?"

Sundus ta sunkuyar da kai ta ce, "Abla, kunya na ji. Na san na bar ku ana gab da gasa. Na rubuta sau uku ina gogewa."

Abla Yasmin ta ce, "Da kin turo ko gogaggen ne, da ban kawo ki nan ba." Ta karɓi biro ta sa hannu. Da za ta fita ta tsaya ta ce wa Abla Suhaila yarinyar tana saurin fita a zagayen farko, a riƙa ja mata birki. Ka ji wadda aka ce abokiyar gaba ce.

Hukuncin shi ne Sundus za ta yi gudunta na mutum ɗaya da sunan sabuwar makaranta, amma ba za ta shiga gudun miƙa sanda na 'yan huɗu ba, don an rufe jerin wannan tun farkon zango. Na ɗauka za ta ji haushi. A mota ta ce mini hakan ya fi mata, don 'yan huɗun Badar ƙawayenta ne, ba ta son ranar da za ta karɓi sanda don ta kayar da su.

An yi zagayen share fage ranar Alhamis da ta wuce. Na je, da gwiwoyina da sandata. Ka tuna sati huɗu ta yi ba ta taka fili ba, kuma abin ya nuna. A zagaye na biyu na ga kafaɗunta sun yi nauyi, wata yarinya ta wuce ta, wata ma ta matso. Ban san lokacin da na miƙe ba. Matan da ke kusa da ni suna ihu da Larabci, ni kuwa na buɗe baki da Hausa ina "Ɗaga ƙafa, 'yar Abdu, ɗaga ƙafa!" Ta zo ta biyu. Uku na farko ake ɗauka, don haka tana cikin na ƙarshe da za a yi a Rajab. Ta ce duk filin muryata kaɗai ta ji, wai na ba ta kunya. Ta faɗa tana dariya, tana cin shinkafa faranti na biyu.

Yayarka,
Ƙaltume

*

Garin su Hawa
16 ga Jumada Sani

Zuwa ga Yaya Ƙaltume,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Mun karanta takardarki sau uku, ni da Hawa, a bakin ƙofar ɗakin Inna. Muna lafiya. Inna ta taka daga gado zuwa ƙofa da sanda, hannun ma ya fara riƙe kofi.

Ita ma ta sa mun ba ta labari. Na ce mata jikarki ta yi gudu a Madina ta zo ta biyu. Ta kalle ni ta ce, "Wa ya biyo ta?" Na ce babu kowa, Inna, gasa ce. Ta ce to in babu wanda ya biyo ta, Allah ya yi mata albarka, ta ci gaba. Dariyar da Hawa ta yi ban ji irinta ba tun da muka baro gida.

Ki yi wa Abla Suhaila godiya, ki nemo mini lambar Abla Yasmin, ina da haƙurin da zan ba ta ni ma. Ni ne babba, ni ya kamata in sanar da makaranta kafin mu tashi.

Likita ya ce in jikin ya ci gaba haka za mu iya tahowa tsakiyar Rajab. Hawa ta fara zancen ranar da za mu zo mu ɗauki Sundus mu koma Badar tare. Na tuna mata dokar: in muka mayar da ita yanzu, canjin makaranta ne na biyu, kuma wannan karon ba mu da wata lalura sai kewa. Ta ce haka ne.

Don haka, Yaya, in ba mu yi miki nauyi ba, ki riƙe mana ita har ta gama shekarar. Gidan zai yi mana faɗi, amma Badar da Madina awa biyu ne. Ki tambayar mini ranar gudun ƙarshen. Na san ba a barin maza su shiga. Hawa za ta shiga ta zauna kusa da ke, ni kuma zan tsaya a bayan katanga in jira ku fito.

Ƙanenki,
Abdussamad